Littafin Harper Lee na biyu ya ɓata min Atticus, laifina ne ko na marubuciyar?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni lauya ce, shekarata huɗu da fara aiki. Ina aji biyar na sakandare na karanta To Kill a Mockingbird na Harper Lee, kuma Atticus Finch, lauyan da ke cikin labarin, yana cikin abin da ya sa na nace sai na karanci shari'a, duk da Babanmu ya so in yi likita. Kwanan nan na samu littafinta na biyu, Go Set a Watchman, na zauna da ɗokina. Da ƙyar na kai ƙarshe. Labarin ba ya tafiya, surutu ya yi yawa, sannan Atticus ɗin da na sani ya koma tsoho mai ƙyamar baƙar fata. Har yanzu raina a ɓace yake, na kasa ko sake buɗe na farkon. Ni ce ban fahimta ba, ko tsufa ne ya cinye basirar matar? Ta yaya wadda ta rubuta wancan za ta rubuta wannan?"

Wa'alaikumus salam, Barista. Tambayarki guda ce a baki, amma na ƙirga uku a cikinta: ko littafin ne bai yi ba, ko tsufa ne ya jawo, sannan yaya za ki yi da Atticus ɗinki yanzu. Ta tsakiyar ta fi sauƙi, bari in fara sallamar ta. Tsufa bai taɓa littafin nan ba, domin ba tsohuwa ce ta rubuta shi ba. Harper Lee tana da shekara 89 aka buga shi a watan Yulin 2015, amma tana 'yar shekara 30 ta rubuta shi, ta miƙa shi a farkon 1957. Wanda kike kira na biyu ya girmi wanda kika karanta a sakandare. Shi ne daftarin da aka sarrafa har ya zama To Kill a Mockingbird. Ƙullu ne da waina. Kin ci wainar kina yarinya ta yi miki daɗi, bayan shekara 58 aka ɗebo ragowar ƙullun aka zuba a faranti mai kyau, aka ce ga sabon zubi daga mai wainar nan da kike so.

Na daɗe ina koyar da adabi, ina kuma tace wa marubuta rubutu kafin ya je ɗab'i, don haka amsata ta edita ce. Ki riƙe wannan a ranki, saboda edita yakan so a ce aikinsa ne ke gyara littafi, kamar yadda tela ke ganin ɗinki ne ke fito da shadda.

Yadda littafi ɗaya ya zama biyu

Lee 'yar wani ƙaramin gari ce, Monroeville, a jihar Alabama ta kudancin Amurka, an haife ta a 1926. Mahaifinta lauya ne, ita ma ta fara karatun shari'a ta watsar, ta tafi New York tana aikin yanka wa fasinjoji tikitin jirgin sama, in ta tashi ta yi rubutu. A Kirsimetin 1956 wasu aminanta, miji da mata, suka ba ta kuɗin da zai riƙe ta shekara guda, suka ce ta ajiye aiki ta rubuta abin da ranta ke so. Ba a jima ba ta kammala daftarin da ta raɗa wa Go Set a Watchman. Ta ɗauko sunan daga littafin Ishaya na Baibul, sura 21 aya 6, inda aka yi umarnin a ajiye mai tsaro ya faɗi abin da ya hango.

Daftarin ya faɗa hannun wata gogaggiyar edita, Tay Hohoff, a kamfanin ɗab'i na Lippincott. Ta ga basira, amma ba ta ga littafi ba. Daga baya ta ce abin ya fi kama da jerin gajerun labarai, bai kai ƙagaggen labari mai kai da gindi ba. Wuraren da suka ja hankalinta su ne inda Jean Louise, 'yar Atticus, ke tuna ƙuruciyarta, lokacin da ake kiranta Scout. Sai ta ce a ajiye babbar macen mai shekara 26, a koma wa yarinyar. Suka kwashe wajen shekara biyu da rabi ana rubutawa ana warwarewa. Ana ba da labarin wani dare na hunturu da Lee ta gaji ta watsa takardun ta taga cikin dusar ƙanƙara, ta buga wa Hohoff waya tana kuka, ita kuwa ta ce maza ta fita ta tsinto su. Abin da ya fito daga wannan wahalar a Yulin 1960 shi ne littafin da ya kai ki kotu. Ya ci kyautar Pulitzer a 1961, aka yi fim ɗinsa a 1962, Gregory Peck ya samu Oscar a matsayin Atticus, kuma an sayar da kwafi sama da miliyan 40.

Ke lauya ce, ba za ki karɓi magana ba shaida ba, to shaidar tana cikin littattafan da ke hannunki. Akwai sakin layi-layi kan tarihin garin Maycomb da kan Gwaggo Alexandra da suka zo kusan kalma da kalma a duka biyun. Boo Radley, maƙwabcin da ba ya fita daga gida, wanda aka buɗe littafin 1960 da shi aka rufe da shi, babu ko ƙyallinsa a Watchman. Babbar shaidar kuma ita ce shari'ar. A Mockingbird an samu Tom Robinson, baƙar fatar da Atticus ya kare, da laifin fyaɗen da bai aikata ba, kuma a kan wannan zaluncin littafin gaba ɗaya ya tsaya. A Watchman an ambaci makamanciyar shari'ar a 'yan layuka, kuma Atticus ya yi nasara, an wanke wanda ake tuhuma. Babu marubuciyar da za ta zauna rubuta ci gaban labarinta ta manta hukuncin da duniya ta san ta da shi.

Abin da kika kira surutu

Kin ce labarin ba ya tafiya, surutu ya yi yawa. Kin yi gaskiya, kuma kada wani ya sa ki ji kamar ƙarancin fahimta ne. Kusan sulusin littafin yana wucewa kafin a zo inda rikicin yake, wato inda Jean Louise ta tsinci ƙasidar ƙin baƙar fata a cikin takardun mahaifinta, ta bi shi kotu, ta leƙo daga bene ta gan shi zaune a taron masu kare wariya. Daga nan kuma labari ya tsaya cak, muhawara ta karɓa. Ta yi da saurayinta Hank, ta yi da Baffa Jack, ta yi da Atticus. Baffa Jack kaɗai ya ci shafuka yana karanta mata tarihin yaƙin basasar Amurka, kamar malamin da ya manta an kaɗa ƙararrawa.

Ki tuna yadda aka yi a Mockingbird. Atticus bai tsaya yana wa'azin cewa shaidun ƙarya suke yi ba. Ya sa an tabbatar cewa a ɓangaren dama na fuskar Mayella, farar fatar da ta ce Tom ya yi mata fyaɗe, raunin yake, ya miƙa wa mahaifinta Bob Ewell alƙalami ya rubuta sunansa, kowa ya ga bahago ne. Sannan Tom ya miƙe tsaye, aka ga hannunsa na hagu a shanye tun da injin gurzar auduga ya kama shi yana yaro. Mai karatu da kansa ya yanke hukunci kafin masu taya alƙali su fito. Wannan shi ne bambancin shekara biyu da rabi. A daftari marubuciya tana gaya miki abin da take tunani, a kammalallen littafi ta ajiye abu a gabanki ta koma gefe.

Sai murya. An rubuta Watchman da "ta yi, ta ce", daga nesa, muryar kuma tana rawa: wani wuri barkwanci, wani wuri huɗuba, wani wuri zancen zuci. A Mockingbird Scout ce ke magana da bakinta, tana ba da labarin abin da ta gani daga shekara shida zuwa wajen tara. Tana faɗin abin da ba ta gane ba, ke kuma kina ganewa, kuma a wannan tazarar daɗin littafin yake. In kin lura, wuraren da Watchman ya yi numfashi su ne na ƙuruciya: wasan yara na kwaikwayon mai wa'azi da yin baftisma a kududdufin kifi, da inda Jean Louise ta ɗauka sumba ta yi mata ciki ta kwashe watanni cikin fargaba. Waɗannan Hohoff ta gani ta ce ga littafin nan.

Na ga irin wannan da idona. Akwai wata marubuciya da muka yi fama da littafinta na farko sama da shekara. Na sa ta zubar da babi huɗu na farko saboda labarin bai fara ba sai a na biyar, muka yi fushi da juna, ta daina ɗaga wayata na wani lokaci. Littafin ya fito ya karɓu. Da ta gama na gaba sai ta aiko min da saƙon cewa in duba mata kurakuran rubutu kawai, masu karatu suna jira. Na duba waƙafi da ƙa'idar rubutu na mayar. Basirarta ba ta ragu ba ko kaɗan, har ma jimlolinta sun fi na da kyau. Amma babi huɗun nan da ya kamata a zubar suna nan daram, kuma masu karatun da suka jira su ne suka fara cewa ta lalace. Ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki, ko da maginin gwani ne. Kamfanin HarperCollins da kansa ya ce gyaran da aka yi wa Watchman ɗan kaɗan ne, an buga shi kusan yadda aka same shi.

Mu ma tarihin ƙagaggen labarinmu da edita ya fara. Gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta fito da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma a 1936 sai da aka ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina ya zauna Zariya wata shida kusa da East yana aikin Magana Jari Ce. Mutum na iya yi wa East suka kan abin da ya so da wanda ya ƙi, amma babu mai musun cewa akwai ido na biyu a kan takardun.

Inda na rabu da ke

A kan zubi da salo ina bayanki. A kan Atticus kuwa, ƙanwata, ina ganin abin da ya fi ɓata miki rai shi ne abu mafi daraja a littafin.

Ki dubi lokacin. An gina Mockingbird a tsakanin 1933 da 1935, lokacin da babu mai girgiza tsarin wariya a Alabama. An gina Watchman bayan 1954, shekarar da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantun farare da baƙaƙe ya saɓa wa tsarin mulki. A watan Yulin wannan shekarar aka kafa majalisar farar fata ta farko a Indianola ta jihar Mississippi, irin taron da Jean Louise ta leƙo, kuma ta bazu a kudu cikin sauri. Ba 'yan daba ne suka cika ta ba. Lauyoyi ne, da masu banki, da manyan 'yan kasuwa, da dattawan coci. Ba sa buƙatar rufe fuska su ƙona gida. Baƙar fatar da ya sa hannu a takardar neman a haɗa makarantu sai a kore shi daga aiki, banki ya hana shi rance, mai gida ya tashe shi. Lauya farar fata ɗan shekara 72, tsohon ɗan majalisar jiha, mai mutunci a ƙaramin gari, a ina kike zaton za a same shi a wannan shekarar?

Lee ba ta je nesa neman wannan mutumin ba. Mahaifinta, Amasa Coleman Lee, wanda ake ɗauka daga jikinsa aka yanki Atticus, ya kare wasu baƙaƙen fata biyu, uba da ɗa, a shari'ar kisa a 1919, aka rataye su duka. Mutum ne da aka shaida da gaskiya. Kuma ya daɗe yana goyon bayan wariya, sai a ƙarshen rayuwarsa ya sassauto. Duka biyun a jikin mutum ɗaya suke, kuma 'yarsa ta dawo daga New York ta tarar da su.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kin san dattijon da ba zai taɓa cin kobon yaron gidansa ba, in an zalunci yaron shi zai sa babbar riga ya je gaban alƙali, in ya yi ciwo shi zai biya asibiti. Amma ranar da ɗan wannan yaron ya yi karatu ya aiko neman auren 'yar gidan, sai maganar asali ta taso, a tuna wa kowa kakan wane bawa ne ko mahauci ko maroƙi. Dattijon ba munafuki ba ne. Ya yarda da adalci, bai taɓa yarda da daidaito ba, sai dai ba a taɓa tambayarsa na biyun ba sai ranar. Atticus na 1935 an tambaye shi adalci, ya bayar har da kasadar ransa, ya zauna a ƙofar kurkuku da fitila da jarida yana jiran masu zuwa kashe Tom. Na 1950 da wani abu an tambaye shi ko jikokin Calpurnia, baƙar fatar da ta yi aikin gidansa ta raini 'ya'yansa, za su zauna aji ɗaya da farare su kuma yi zaɓe, sai ya ce baƙaƙe ba su isa ba tukuna, har yanzu al'umma ce da ke ƙuruciya.

Kuma alamun suna cikin littafin da kike so, shekarunki ne suka rufe miki su. Ba shi ya nemi shari'ar Tom ba, alƙali ne ya ɗora masa, ko da yake ya yi ta tsakani da Allah. Da ɗansa Jem ya tayar masa da maganar ƙungiyar Ku Klux Klan ta masu ƙin baƙar fata, ya ce ai kusan ƙungiyar siyasa ce kawai, kuma ta shuɗe. Mutumin da ya zo cikin masu neman kashe Tom, washegari Atticus ya ce asalinsa mutumin kirki ne. Ga wadda za ta shafe ki kai tsaye: da aka zo maganar hana mata zama cikin masu taya alƙali hukunci, ya yi raha cewa in aka sa su ba za a taɓa gama shari'a ba saboda katse magana da tambayoyi. Tun a 1992 wani farfesan shari'a, Monroe Freedman, ya rubuta cewa bai kamata lauyoyi su riƙi Atticus abin koyi ba, aka yi masa ca. Marubuci Malcolm Gladwell ya sake tayar da maganar a mujallar New Yorker a 2009, shekara shida kafin kowa ya ga Watchman.

To amma kada in wuce gona da iri. In aka buɗe aljihun teburin alƙali bayan shekaru aka samu daftarin hukunci da ya saɓa wa wanda ya karanta a kotu, daftarin ba ya soke hukuncin. Atticus ɗin da Lee ta sa wa hannu ta fitar shi ne na 1960. Kina da damar cewa na Watchman wani mutum ne daban mai suna iri ɗaya. Sai dai daftarin yana nuna miki abin da ke ran alƙalin kafin ya daidaita alƙalaminsa, kuma wanda ya gani ba ya komawa bai gani ba.

Wurin da ya fi ƙarfi a Watchman ba na Atticus ba ne ma. Jikan Calpurnia ya kaɗe wani farar fata da mota ya mutu, Atticus ya karɓi shari'ar, ba don tausayi ba, don kada lauyoyin ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe su shigo garin. Jean Louise ta je gidan matar da ta raine ta, ta tarar tana yi mata irin ladabin da ake yi wa baƙon farar fata, ba fuska ba ido. Ta tambaye ta ko dama can ta tsane su. Tsohuwar ta daɗe shiru kafin ta girgiza kai. Babu shafi a Mockingbird da ya taɓa wannan wurin.

Laifin littafin a ganina shi ne ya tono rami ya kasa shiga. Ita kanta Jean Louise ta amsa cewa hukuncin Kotun Ƙoli ya fusata ta, saboda a ganinta an taka haƙƙin jihohi. A ƙarshe Baffa Jack ya kwaɗa mata mari, ya ba ta giya ta sha, ya ce ita ce mai tsaurin kai, sai maganar 'yancin miliyoyin mutane ta koma maganar 'ya ta daina bautar uba. Marubuciya 'yar shekara 30 ta yi tambayar da ta fi ƙarfinta. Hanyar da aka bi aka warware mata ita ce a ja labarin baya shekara 20, inda tambayar ba ta taso ba. Aka samu littafin da ya fi kyau nesa ba kusa ba, aka kuma bar tambayar a akwati. Marubuciya Ursula Le Guin na cikin 'yan kaɗan da suka ce da duk aibinsa, Watchman ya yi tambayoyin da ɗan'uwansa ya kauce wa, kuma ina tare da ita.

Wa ya ce a buga?

Nan ne ruwan ya yi duhu. Lee ta kwashe fiye da shekara 50 ba ta fitar da wani ƙagaggen labari ba, ta guji 'yan jarida tun tsakiyar shekarun 1960. A 2007 ta samu shanyewar ɓarin jiki, ta koma gidan kula da tsofaffi, ji da gani suka yi rauni sosai. Yayarta Alice, lauya, wadda ta tsare mata al'amuranta shekara da shekaru, ta rasu a Nuwamban 2014 tana da shekara 103. A farkon Fabrairun 2015, ko wata uku ba a cika ba, aka sanar cewa lauyar Lee, Tonja Carter, ta gano daftarin kuma za a buga. Mutane suka yi ta magana. Hukumomin jihar Alabama suka yi bincike kan ko an ci zalin tsohuwa, suka gana da ita, suka rufe binciken da cewa zargin ba shi da tushe. Lee ta rasu a Fabrairun 2016, wata bakwai bayan fitowar littafin.

Iyakata a nan ke nan. Ni edita ne, ba likita ba, kuma hukuma ta yi magana, ba zan ɗora wa kowa laifin da bincike bai ɗora masa ba. Abin da zan iya hukunci a kai shi ne yadda aka tallata shi. Sanarwar farko ta faɗi cewa tsohon rubutu ne na shekarun 1950, amma abin da ya isa kunnen jama'a shi ne sabon littafin Harper Lee, ci gaban labarin Scout. An sayar da sama da kwafi miliyan 1.1 a makon farko. Wani kantin littattafai a jihar Michigan har ya ce duk wanda ya saya da zaton ci gaban labari ne ya dawo a mayar masa da kuɗinsa. Da an buga shi da gabatarwa mai bayani a matsayin daftari don masu nazari, da ke da dubban irinki ba ku ji an yaudare ku ba.

Ba Lee kaɗai ba

Ɓacin ran da kike ciki yana zuwa ta ƙofofi da yawa, na Lee guda ne kawai. Wani lokaci magada ne ke buɗe akwati, kamar 'ya'yan Gabriel García Márquez da suka fitar da littafinsa na ƙarshe a 2024, shekara 10 bayan rasuwarsa, alhali ya ce a lalata shi. Wani lokaci marubucin ne ya yi nisa. Arundhati Roy ta Indiya ta ci kyautar Booker a 1997, ta shafe shekara 20 tana gwagwarmaya da rubutun siyasa, da ta dawo a 2017 masu jiran irin na da suka tarar da wata mace daban da wasu damuwoyi daban. Sau da yawa kuma gaggawa ce. Littafin farko an yi shi da duk abin da mutum ya tara tun yarinta, babu mai jira. Na gaba ana yi ana ƙwanƙwasa ƙofa. Duk mai bin littattafanmu na Hausa da ake saki shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san yadda labari ke farawa da ƙarfi, masu biya su matsa a ƙara, har ya zama ana jan zare babu auduga.

Akwai ƙofar da ba a so a ambata, ita ce mai karatun. Kina 'yar shekara 16 ko 17 kika haɗu da Atticus, ba ki taɓa ganin an ɗage shari'a sau goma ba, ba ki taɓa ganin babban lauyan da kike girmamawa ya yi abin da ya zubar da shi a idonki ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Rabin abin da kike nema a littafi na biyu yarinyar nan ce mai aji biyar, kuma babu marubucin da zai iya dawo miki da ita.

Shawarata

Kada ki tilasta wa kanki son Watchman, ba littafi ne mai kyau ba. In ƙanenki ya tambaye ki wanne zai karanta, ba shi Mockingbird, ki ɓoye ɗayan sai ya girma. Nan gaba kuma in aka ce ga sabon littafin wani babban marubuci da ya daɗe shiru, ko wanda ya rasu, ki bincika yaushe aka rubuta shi da wanda ya miƙa shi ɗab'i kafin ki zaro kuɗi.

Amma ki sake buɗe na farkon, wannan kam na dage. Da ɗalibaina nakan haɗa su biyun a zango ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya bar son Mockingbird saboda haka ba, sai dai hankalinsu yakan tashi daga kan Atticus ya koma kan baƙaƙen fatar da ke zaune a benen kotun. Ki fara daga babi na 12, ranar da Calpurnia ta kai Jem da Scout cocinsu na baƙaƙe. A nan Scout ta fara jin matar tana magana da wani harshe daban cikin mutanenta, ta gano ba ta ma san ranar haihuwarta ba, ta gano ita ta koya wa ɗanta Zeebo karatu. A hanyar dawowa ta roƙe ta ko za ta bar ta ta ziyarce ta a gidanta wata rana, Calpurnia ta ce duk lokacin da take so. Gwaggo Alexandra ta hana, kuma har littafin ya ƙare ba a je ba. In kin gama wannan babin, ki ɗauko Watchman ki buɗe inda Jean Louise ta shiga ɗakin Calpurnia.